Hurar 'Yan Gayya

Barmo direban motar siminti a Malbaza ya kusa rotsa wayarsa. Duk sanda yake kallon kokawa, ana dab da kaye sai tallar sabulu ta faɗo.

Ƙanwarsa Wasila ta sa masa wata manhajar shiga intanet mai tare talla. Ranar ya ga kaye da idonsa, ya yi ihu har kaji suka watse.

"Wa ya ƙera wannan abu?"

"Aikin gayya ne, Yaya. Mutane suka taru suka yi, suka bar wa kowa ya ɗauka, ya gyara."

"Gayya? Kuma ba wanda ya ba su hura?"

Ya sa aka dama hura ƙwarya guda, ya ajiye bakin hanya. Kowa ya sha, sai ya sa wa 'yan gayyar albarka kafin Barmo ya bar shi ya wuce.