Kwana Tara ko Biyar

Karo na biyu ke nan Ɗanmalam ya miƙa wa mai babur ɗin wayar kuloci a maimakon ta birki.

"Malam, ta birki na ce. Ko so kake in faɗa Binuwai da fasinja?"

Ya ba shi haƙuri, ya canza masa, ya koma kan bencin shagon ya ɗauki wayarsa. Ƙarfe tara na safe bai yi ba, amma kwanon rufin babbar kasuwar Garwa ya riga ya fara gasa mutane. Ƙarshen Afrilu ne, ruwa ya ƙi sauka.

Abin da ke cikin wayar jirgin ruwa ne, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar shinkafa, a kan taswirar Tekun Atlantika. Wasan intanet ne, tseren zagaya duniya da jiragen da iska kaɗai ke turawa. Jirgin na ƙarya ne, amma iskar ta gaske ce, don duk bayan awa shida ana zuba wa wasan hasashen yanayin teku na ainihi. Kana barci ko kana salla, jirgin na tafiya inda ka nuna masa. Mutum ya fi dubu ɗari a ciki, kuma da wuya a samu wani a cikinsu da ya kai Ɗanmalam nisa da teku. Shi ruwan da ya sani mafi girma shi ne Binuwai a tsakiyar damina.

Jirgin ma ba nasa ba ne, na Gédéon ne. Shekara goma sha huɗu suka yi tare a wata tashar awon yanayi ta manoman auduga a bayan gari, kafin a kafa na'urorin da ke aika awo da kansu, a sallame su rana ɗaya. Gédéon mutumin Mokolo ne, ɗan coci, mai son lamba da layi da jan biro. Ɗanmalam kuwa fita yake yi ya tsaya a tsakar fili, ya ɗaga kai, ya ce, "Gobe bayan la'asar." Sai su sa caca a kan kofin shayi. Gaskiya ɗaya ce, Gédéon ya sayi shayi har ya gaji.

Bayan sallama, Ɗanmalam ya koma shagon mahaifinsa, Gédéon kuma ya rasa inda zai kai ilminsa sai wannan wasa. Ya sa wa jirgin suna *Mokolo*, sunan garin duwatsu inda ko kwalekwale babu. Bara sun kusa rabin hanya wuta ta ɗauke kwana uku a unguwarsu ta Djamboutou, kafin ta dawo jirgin ya kafe a gaɓar Brazil. Bana yau kwana saba'in da huɗu suna tafiya, sun zagayo ƙasan duniya, sun kamo hanyar gida. Sai dai kwana goma sha biyu da suka wuce aka kwantar da Gédéon a asibiti da ciwon hanta. A can ya rubuta wa Ɗanmalam kalmar sirrin a bayan takardar magani.

"Matsayi bai dame ni ba," in ji shi. "Ni dai in ga ya tsallake layin ƙarshe da idona. Abu ɗaya a rayuwata in ga na kai shi ƙarshe."

Yanzu ga abin da ya hana Ɗanmalam bambance birki da kuloci. Tsakanin jirgin da gaɓar Faransa, inda layin ƙarshe yake, akwai wani ƙaton fili shuɗi a taswirar. Ja yana nufin iska mai ƙarfi, kore mai dama-dama, shuɗi kuwa babu komai, ko kibiyoyin da ke nuna iskar ma sun zama ɗigo-ɗigo. Manhajar da ke lissafa hanya ta zana layi ya yi baka ta yamma, ya kewaye shuɗin, ya je ya kamo jar iskar arewa. Kwana tara. In kuwa aka miƙe ta tsakiya, kuma Allah ya kawo iska, kwana biyar ne.

Wayar ta yi ƙara a hannunsa. Odette ce, matar Gédéon.

"Baban Salim, kana kasuwa?"

"Ina nan. Yaya jikin nasa?"

Ta rage murya.

"Dokta ya ce in kira 'yan'uwansa daga Mokolo."

"Ya faɗi kwana nawa?"

"Ya ce shi ba Allah ba ne. Amma da na matsa masa, ya ce mako guda da wuya."

Ɗanmalam ya ja ƙofar shago ya tare babur.

Ɗakin da Gédéon yake gado shida ne, fanka ɗaya, ita ma tana juyawa kamar an tilasta mata. Idanunsa sun yi ɗorawa, cikinsa ya kumbura ya ɗaga zanen da aka rufa masa. Da ya ga Ɗanmalam sai ya yi ƙoƙarin gyara kwanciya.

"Kyaftin! Jam na?" ya gaishe shi da Fillanci.

"Jam, soobajo, lafiya lau abokina. Kai ne za a tambaya."

"Bar jikin nan. Nuna mini."

Ɗanmalam ya kara masa wayar kusa da fuska. Gédéon ya daɗe yana ƙifta ido, sannan ya ɗora yatsa a kan shuɗin.

"Ka ga wannan? Kada ka kuskura. Ka bi ta yamma, yadda layin ya ce."

"Kwana tara ne fa."

"To, sai me? *Mon frère*, ɗan'uwana, teku ba Garwa ba ce. Wannan abin in ya zauna, ya zauna ke nan. Ka bi lamba, ko sau ɗaya a rayuwarka."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Odette ta tallafo kansa, ta ɗago ido ta dubi Ɗanmalam. Ita da shi sun san abin da tara take nufi, mai gadon ne kaɗai ba a gaya wa ba.

A waje Ɗanmalam ya zauna ƙarƙashin dalbejiya, kusa da masu sayar da kunu. Ko ganye ɗaya ba ya motsi. Gumi ya manne masa riga a baya. Ya san wannan tsayuwar iskar kamar yadda ya san muryar mahaifiyarsa. Tun yana yaro bai taɓa ganin iska ta ɗauke haka ta dawwama ba. Ta yi kwana biyu, ta yi uku, daga nan gabas ta haɗe, hadari ya taso ya kwashe rumfunan kasuwa. Shiru irin wannan ciki ne, dole ya haihu. Shekara goma sha huɗu yana faɗin haka, takardun Gédéon na faɗin akasi, kuma wa ke shan shayi?

Sama dai ɗaya ce, ya gaya wa kansa. Wadda ke kan Garwa ita ce ke kan tekun. Kuma ko lamba ta yi gaskiya, me kwana tara zai amfana wa mutumin da ba shi da bakwai?

Ya yi bisimilla, ya sa yatsa ya janye kan jirgin daga layin manhajar, ya miƙar da shi arewa maso gabas, tsakiyar shuɗin.

Ranar farko har ya ji kamar ya taka rawa. Wasan yana jera mutane ne bisa kusancinsu da layin ƙarshe, to da yake kowa ya yi yamma shi ya miƙe, sai *Mokolo* ya tashi daga na dubu tara ya koma na ɗari shida. Ya kira Odette ya ce ta gaya wa maigida sun shiga cikin dubun farko. Ya jiyo muryar Gédéon daga nesa yana cewa, "Ka gani? Lamba!" Bai gyara masa ba.

Rana ta biyu gudun ya sauka daga kilomita ashirin da biyar a awa zuwa tara. Rana ta uku ya koma huɗu. Ɗanmalam ya daina cin abinci sosai. Duk awa shida yana jiran sabon hasashe kamar mai jiran sakamakon gwajin jini, kuma duk wanda ya zo sai ya tarar shuɗin ya ƙara faɗi, ya bi jirgin ya zauna a kansa. Ya canza ƙyallen da ke kama wa jirgin iska zuwa mafi girma, ya karkata shi dama, ya karkata shi hagu, yana farautar ɗan kore da bai kai ƙwayar gero ba. Kafin ya isa wurin, koren ya ɓace. Can yamma kuwa jiragen mutane sun kamo jar iskar, suna wucewa garke-garke.

Matarsa Fa'iza ta ajiye masa tuwo ta dawo ta tarar da shi yadda ta bari.

"Wai jirgin nan da ko jiƙa ba ya yi, shi zai kashe ka?"

Ya ture kwanon gefe. Ya fi kowa sanin wasa ne, amma ba wasan ke cinsa ba. Amanar mai mutuwa aka ba shi, ya ɗauka ya yi caca da ita, kuma ba kofin shayi aka sa ba wannan karon.

Da safiyar rana ta huɗu ya sake tambayar manhajar hanya. Ta yi lissafinta ba tausayi ba gori, ta ce kwana goma sha uku. Ko ya juya ya koma yamma, sha uku ne. Ya zauna a bakin gado, baƙin ciki da kunya a haɗe, har ya rasa wanda ya fi ciwo. Da ya bi maganar Gédéon, da yau saura biyar.

Bai buɗe shago ba. Bayan azahar ya tafi asibiti. Da ya sauka daga babur, jikinsa ya gaya masa abin da bai tambaya ba: ƙasan sararin gabas ya yi wani duhu-duhu, shirwa na shawagi can sama, tururuwa sun yi layi a jikin katanga ɗauke da ƙwai. Ya kawar da kai. Wannan sanin ne ya kai shi ya baro.

'Yan'uwan Gédéon sun iso daga Mokolo, suna zaune a baranda a kan tabarma, wata tsohuwa na rera waƙar coci ƙasa-ƙasa. A ciki, Gédéon ya ragu kamar an rage shi da wuƙa. Idanunsa a buɗe suke amma ba sa tsayawa kan komai.

"Kyaftin ne?"

"Ni ne."

"Yaya waje? Zafin nan zai ƙarasa ni kafin hanta."

"Yau za a yi ruwa," Ɗanmalam ya ji bakinsa ya faɗa. "Bayan la'asar."

"Rediyo ya ce sai mako mai zuwa."

"Bayan la'asar."

Leɓen Gédéon ya motsa. "Shayi?"

"Shayi."

"To, nuna mini jirgina."

Ɗanmalam ya fito da wayar. Ya kara masa. Gédéon ya ƙura ido, ya ƙura, sannan ya girgiza kai a hankali.

"Haske kawai nake gani. Karanta mini. Ta yamma muka bi?"

Odette na tsaye a bayan Ɗanmalam, ita tana gani. Wata biyu da rabi tana jin zancen ja da kore da shuɗi a gidanta, ta san abin da ɗigon nan ke yi shi kaɗai a tsakiyar shuɗi. Ta karanta lambar da ke ƙasa. Ta ɗora hannu a kan ƙarfen gadon ta riƙe.

"Ta yamma," in ji Ɗanmalam.

"Iska fa?"

"Ja ce. Tana bayanmu."

"Saura nawa?"

"Biyar."

"Biyar," Gédéon ya maimaita, yana auna kalmar kamar kaya. "Da yawa. Amma zan gwada."

Ɗanmalam ya fita ya yi la'asar a gefen baranda. Yana sallamewa ƙofar wani ɗaki ta bugu da ƙarfi. Dalbejiyar da ta yi kwana da kwanaki a sandare ta sunkuya gaba ɗaya, leda da busassun ganye suka tashi sama, masu kunu suka kwashi robobinsu da gudu. Mutanen Mokolo suka naɗe tabarma suna dariya, har da tsohuwar. Sannan ruwan ya sauko a kan kwano, da ƙarar da ba ka jin maganar na kusa da kai.

Ya koma ciki. Odette ta tashi za ta rufe taga, Gédéon ya ɗaga yatsa ya hana ta. Iskar ta shigo da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta ɗaga gefen zanensa. Ya lumshe ido yana shaƙa. Can ya lalubo hannun Ɗanmalam, ya jawo shi har sai da ya kai kunne kusa da bakinsa.

"Odette za ta saya maka shayin," ya ce. "Ka san abin da ya sa na ba ka jirgin, ban ba wani ba? Kai ba ka taɓa kuskuren iska ba."

Wayar na kan cinyar Ɗanmalam, sabon hasashe ya shigo. Kilomita biyu a awa. Feshin ruwa daga taga ya ɗiɗɗiga a kan gilashin, a kan shuɗin, jirgin bai motsa ba. Ya kife ta, ya riƙe hannun da hannu biyu.