Tukunyar Irin Baba

A kusurwar ɗakin Baba akwai wata tukunyar ƙasa da aka liƙe bakinta da laka. Irin gero ne a ciki gauraye da toka, wanda ya gada wurin kakanmu, gero ne mai gajeren kai da ke nuna da wuri. Duk garin babu mai irinsa, kuma duk garin babu wanda Baba bai isa da zancensa ba. Tun da idonsa ya mutu, kullum da safe sai ya lalubo tukunyar ya shafa ta kafin ya nemi ruwan wanke fuska.

"Auta," in ji shi, "iri ba dutse ba ne. In ya daɗe bai ga ƙasa ba, mutuwa yake yi."

Ni ce Autar, kuma na ji wannan magana har ta fita raina. Matsalar ita ce ba mu da inda za mu shuka shi, don gonarmu tana hannun tafi.

Tafi sunan da muka sa wa tsiron ne, saboda ganyensa mai kauri kamar tafin hannu, ga ƙaya ta ko'ina. Mutanen kamfani ne suka kawo shi shekarun da ruwa ya yi mana yaji. Suka ce ba ya son ruwa, ba ya son taki, kai dai ka dasa ka tafi harkarka. Ana yanka ganyen a kai masana'anta, inji ya daddatsa shi, a zuba a wani ƙaton tanki ya ruɓe, sai iskar gas ta fito. Ba zan yi musu ƙarya ba, mun ga amfaninsa. Mun samu wuta a gida, Inna ta daina tari a bakin murhu, Yayana kuma ya samu aiki a kan injin datsa. Baba ne kaɗai ya ƙi sakin fuska. Ya ce aro ya ba da gonarsa, ba kyauta ba.

To, tankin ya tsage. Garin ya yi ta wari kamar an buɗe masai, aka ce za a gyara, aka ce ana jiran kaya, daga baya muka wayi gari da kwaɗo a ƙofar masana'antar. Su suka tafi, tsironsu ya zauna. Ya wuce kan mutum tsawo, ya haɗe ko akuya ba ta ratsa shi.

Bana hadari ya fara haɗuwa da wuri, Baba ya hana kowa sakat. Muka shiga gonar da adda, ni da Yaya, muka wuni ba mu share wurin shimfiɗa tabarma ba. Hannuna ya kumbura suntum. Ba manyan ƙayoyin ne abin tsoro ba, ƙananan nan ne masu kama da gashi, da ba ka ganinsu sai dai ka ji su.

"Wannan aikin wahala ne kawai," in ji Yaya. "Tarakta za mu kira ta niƙe shi. Na yi shekaru ina datsa abin nan, da ya ji wuƙa shike nan, ruwa yake zama."

Ni ma na gani da idona a masana'anta, ba na musu. Duk wanda muka gaya wa ya ce dabara ce. Babu wanda ya tsaya ya tuna cewa can tanki ake zuba shi, ba ƙasa ba.

Mai tarakta ya zo da gilashinsa da safar hannu, ya yi ta zagaye gonar har ta koma fili, ƙasa ta haɗe da koren ɓaraguzai. Da muka gaya wa Baba, sai da ya yi dariya, abin da na manta rabon da in ji. Ya fasa lakar bakin tukunyar da kansa, ya tura hannu cikin irin har gwiwar hannu.

"A bar kaɗan a tukunya, Baba," na ce.

"Ke, irin ya tsufa, rabinsa ba zai fito ba. Ku zuba duka, ku cika ramin."

Muka zuba duka. Ruwa kuwa ya sauka, irin wanda yaran garin ba su taɓa gani ba, ya yi ta zuwa a kai a kai.

Yaya ne ya fara ganin abin. Ya dawo daga gona ya zauna a dokin ƙofa bai cire takalmi ba. Na ce lafiya, ya ce in je in gani. Wayyo Allah! Kowane ɗan guntu da taraktar ta yanka ya kafa saiwa ya ɗago kai. Lokacin da aka fara dasa shi layi-layi yake, yanzu ko wurin sa ƙafa babu. Geron ya fito jefi-jefi, siriri, ciyawa ta taso masa. Ka sa fartanya ka yi noma, sai ka sare tafi gida biyu, ka dasa sabo da hannunka. Na tsaya a bakin gonar na zagi kamfani, na zagi mai tarakta, na zagi Yaya, babu wanda ya ji ni.

Muka yi ta ɓoye wa Baba, in ya ce a kai shi gona, yau mu ce laka, gobe mu ce rana. Ran nan ya ɗauki sandarsa ya ce ko in kai shi ko ya tafi shi kaɗai. A bakin gona ya tuɓe takalmansa, don shi bai taɓa shiga shuka da takalmi ba.

"Baba, don Allah ka mayar."

Bai kula ni ba. Ya taka, ya tsaya cak, ya sake takawa. Sai ya durƙusa yana lalube da hannu, yana bin inda layin shuka ya kamata ya kasance. Na riƙe rigarsa ina kuka, ya fizge. Can ya samu shukar gero ƙwaya ɗaya, ya bi ta da yatsa daga ƙasa zuwa sama. Ta yi rawaya, ta kwanta, ya ja ta kaɗan ta biyo hannunsa.

A tsakar gida na zaunar da shi, na ɗora ƙafarsa a cinyata ina cire ƙayar da hantsaki. Inna ta riƙe masa hannu, Yaya yana tsaye ya kasa haɗa ido da kowa. Na so Baba ya yi faɗa, wallahi na so, ko ya tsine wa wani mu samu sauƙi. Da na gama ƙafa ɗaya sai ya juyo gare ni.

"Kawo min tukunyar."

Na kawo. Ya zura hannu ya shafe cikinta kaf, ya fito da toka a yatsunsa.

"Wanke ta, Auta. Innarku ta samu ta zuba ruwa."

Da zan wanke rigarsa na ga wani ɗan guntun tafi maƙale a gefenta, bai kai girman kunne ba. Na cire shi na wurgar bayan ɗakinsa. Baba bai ƙara tambayar gona ba, bai ƙara tambayar hadari ba, da safe ruwan wanke fuska kawai yake nema. Jiya na zagaya bayan ɗakin zan shanya kaya, na tarar guntun ya kama ƙasa, har ya fitar da sabon ganye.