Sawun Bature

Ina cikin tura faifan a murhu na ji dogari yana kwaɗa sallama a zauren Inna Iyatu, maƙwabciyarmu. Busasshiyar kaba ba ta yi wa wuta gardama, kafin ya yi sallama ta biyu aikin kwana tara ya zama toka.

Zana ɗaya ce ta raba gidanmu da nata a Garu, can cikin duwatsu. Tsohuwa ce mai saƙar faifai. Sauran matan Dutse zane uku suka gada, su suke ta juyawa, ita kuwa ba ta maimaita zane. Takan ce da ni, "Mu'minatu, kullum ki zaɓi abu guda ki yi ta kallo har ya zame miki baƙo." Ta saƙa sawun zabuwa, ta saƙa tsagar dutse da kaushin jikin dabino. Har wushiryar Maharazu mahauci sai da ta hau faifai, shi kaɗai ne a garin bai gane ba.

Shekara huɗu da shigar Turawa Kano, wani Bature ya zo rangadi. An kwana ana ruwa, da safe ya bi ta bakin rijiya a ƙasa. Takalminsa ya bar sawu a taɓo: ɗige-ɗigen ƙusoshi jere reras, dunduniyar kamar jinjirin wata. Inna ta tsuguna tana murmushi.

"Kawo ƙwaryarki, kada awaki su taka mini."

Ni na kifa ƙwaryar da hannuna. Kwana uku tana komawa, ta ɗaga, ta kalla, ta mayar. Da ta gama saƙa sawun a faifai, ja da baƙi, ta ba ni kyauta.

To amma a garinmu, wanda aka ga ya tsuguna kan sawun mutum, an san ƙasar ya ɗiba zai kai wa boka a yi sammu. Sai kuma ga zazzaɓi ya kayar da Baturen. Magana ta tashi daga rijiya, ta bi kasuwa, ta shiga gidan Hakimi. An ce in ya mutu, sojoji za su zo su ƙone unguwar, wadda ta yi kuma a ɗaure ta a kai Kano. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, ga goyo a bayana. Shi ya sa na tura faifan a murhu.

"Mu'minatu," na ji Inna ta kira ta bayan zana.

Na zagaya na shiga. Tana kwance a tabarma, mako guda ke nan ciwon haƙarƙari ya hana ta zama. Barau dogari na tsaye a bakin ɗaki.

"Inna, an ce kin ɗebi sawun Nasara," ya ce. "Hakimi na kira."

"Kallo na ɗiba, Barau, ba ƙasa ba." Ta juyo gare ni. "'Yar nan, ɗauko faifan nan da na ba ki, ya kai wa Hakimi ya ga abin da na yi da sawun."

Na ji kaina ina cewa, "Wane faifai, Inna?"

Ta daɗe tana dubana. Ƙaurin kaba yana ta ratsowa ta zana, kuma babu wanda ya fi ta sanin wannan ƙauri.

"An ce mata biyu aka gani a rijiya," in ji Barau. "Wace ce ta biyun?"

Goyona ya motsa. Na kafe idona a ƙasa.

"Ni kaɗai ce," ta ce. "Tsufa ne, na manta ban ba kowa faifai ba."

Barau ya ce tunda ba ta iya tashi, gobe da hantsi zai zo da jaki.

Washegari da sassafe na kai mata kunu, kunya da tsoro sun hana ni haɗa ido da ita. Numfashinta sama-sama. Ta yafito ni.

"Jan ne ya fara ci, ko baƙin?"

"Inna, ki yafe mini."

"Tambayarki na yi. Da wutar ta kama, ta bi zanen ne ko ta tsallake?"

"Ban kalla ba, Inna."

"Kash. Kin yi asara. Ban taɓa gani ba."

Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba sai kalmar shahada. Da Barau ya iso, ya ɗaure jakin a gindin dabino, ya shiga sahun masu ɗaukar makara. Mata kaɗan ne suka shigo gaisuwa, su ma a tsaitsaye. Baturen ya warke bayan mako guda, ya hau dokinsa ya yi Kiyawa.

Ƙwaryata kuwa tana nan kife a bakin rijiya, kowa kewaye ta yake yi. Ranar sadakar bakwai na tsuguna na ɗaga. Sawun yana nan cif, ko ƙwayar ƙasa ba ta yi ciwon kai ba. A cikin ramukan ƙusoshin ciyawa ta tsiro siri-siri, fara fat don rashin rana, jere reras.

Na ajiye tuluna a gefe, na zauna ina kallo.