Minti Huɗu Bayan Ƙarfe Biyu

Duniya ta san ta da Barewa, mai gudun mita ɗari takwas. Inna kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa kiran ta da wannan suna ba, wai ita mutum ta haifa ba naman dawa ba. Doguwa take ce mata.

Akwai wata doka da ke bin manyan 'yan wasa duk inda suka sa ƙafa. Kowace rana sai mutum ya ware awa ɗaya, ya rubuta a waya inda za a same shi, domin masu gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari suna iya dira ba sanarwa. In suka zo sau uku cikin shekara ba su same ka ba, dakatarwa ce, ko da jininka ya fi ruwan sama tsarki. Barewa tana da biyu a wuyanta. Na farko jirgi ne ya sauke su a wani gari da ba shi suka nufa ba. Na biyu ranar da aka kwantar da Baba a asibiti, ranar da ba ta ma san inda ta jefa wayar ba. Saura ɗaya, ga babbar gasar da ta yi shekara huɗu tana wa tanadi saura wata biyu.

Kwana uku kacal ta samu a gida tsakanin wata gasa da wata. Ta rubuta: gidan Inna, ƙarfe ɗaya zuwa biyu na rana. Ko jakarta ba ta gama kwancewa ba Kawu, ƙanin Inna, ya yi sallama da katin gayyata a hannu.

"Makarantar 'yan matan da kika yi ce," in ji shi. "Na riga na amsa musu. Ƙarfe goma, minti ashirin ki yi magana, mu juyo."

"Kawu, jiya fa na sauka. Ƙafafuna ko saɓewa ba su yi ba."

"Ke da kike zagaye duniya, nan da bayan kasuwa ne zai gagare ki? Ko sai masu jajayen kunnuwa ne ke da rabon jin muryarki?"

Ta karɓi katin. A shekarar nan ta tsaya gaban ɗalibai ya fi sau talatin, labarin ɗaya ne har ta haddace inda ake tafi da inda ake dariya. Da safe ta ɗauki waya kamar za ta sauya adireshin zuwa makarantar, sai ta fasa. Taron ƙarfe goma, me zai kai shi ƙarfe ɗaya?

Ɗakin taron yana nan yadda ta bar shi: fanka uku, ɗaya ce ke juyawa, benci sun sha rubutun biro. An manna hotonta a bango, an rubuta SANNU DA ZUWA da takarda mai ƙyalli. Aka zaunar da ita a kujera ta biyu. Ta farkon, mai hannu da matashi, ta babban baƙo ce, shugaban kwamitin makarantar.

Kawu ya karɓi wayarta. "Taki ta fi ɗaukar hoto, tawa sai ka ga mutum kamar a cikin hayaƙi."

Sha ɗaya ta yi, sha biyu ta wuce, kujerar tana nan wayam. Ɗalibai suka yi waƙar maraba sau uku. Barewa ta karkata wajen shugabar makarantar.

"Malama, ko in fara? Dole in kasance a gida ƙarfe ɗaya."

Matar ta dafe ƙirji. "Ki fara kafin ya iso? Rufa mini asiri 'yata, rufin ajujuwanmu yana hannunsa. Yana hanya."

Sha biyu da rabi ta yafito Kawu ta ce ya ba ta wayar ta sauya wurin tun lokacin bai shiga ba. Ya miƙo mata yana sosa ƙeya. Baƙa ƙirin, caji ya ƙare, ko ƙiftawa ba ta yi. Awa biyu ya yi yana ɗaukar bidiyon ɗalibai da fanka da kujerar da ba kowa.

"Ba ga tawa ba?"

"Ba a shiga da wata wayar sai an turo lambar sirri a wannan." Ta miƙe. "Mu tafi."

Ya riƙo hannunta, ya sassauta murya, murmushi bai bar fuskarsa ba saboda idon mutane. "Zauna. Kullum ne suke zuwa? Yau ɗin ce za su zo? In kika fita yanzu, da wane ido zan kalli mutanen garin nan? Ke gobe kin hau jirgi, mu ne a nan."

Ta zauna. Wannan zaman ta fi tunawa daga baya, fiye da duk abin da ya biyo.

Ɗaya da minti goma motoci suka cika harabar. Babban baƙo ya shigo yana ɗaga hannu, ya karɓi makirfo ya ce ba zai tsawaita ba, ya yi minti ashirin da biyar a kan muhimmancin kiyaye lokaci ga matasa. Sau biyu ya kira ta 'yar ƙwallo.

An miƙa mata makirfon ke nan wayar Kawu ta yi ƙara. Ya saurara, fuskarsa ta sauya, ya taho ya kara mata a kunne. Muryar Inna ce.

"Doguwa, matar nan mai gwaji, mai akwatin sanyi, tana nan tun ƙarfe ɗaya. Na ba ta ruwa ta ƙi sha. Ta ce biyu na cika za ta tashi."

Agogon bango ya nuna biyu saura ashirin da biyu. Barewa ta ajiye makirfon a kan tebur, ya yi wata ƙara mai kashe kunne, ta sauka ta ratsa tsakiyar benci. A waje motocin babban baƙo sun toshe ta Kawu gaba da baya, direbobin sun tafi neman abin sa wa a baki. Titin gaban makarantar kuma masu tsaronsa sun tare shi, babu abin hawa ko ɗaya.

Ta tattare doguwar rigarta ta ƙulle a ƙugu, ta cire takalman kwalliya ta bar su a bakin ƙofa.

Kilomita shida ne. Ita ba mai dogon zango ba ce, zagaye biyu na fili ne sana'arta, amma ta san yadda ake raba numfashi. Kwalta ta yi zafi kamar kasko. A bakin kasuwa motoci sun cunkushe, ta bi ta tsakaninsu. Wani mai faci ya ɗaga murya, "Kai, Barewa ce! 'Yar uwa, wa ya biyo ki?" Wasu suka ɗaga wayoyi. A kilomita na huɗu wani abu ya tsaga mata tafin ƙafar hagu, ba ta duba ba.

Ta tura ƙofar gidan ta tarar da mai gwajin a tsaye, jaka a kafaɗa, takarda a hannu. Inna ta tare mata hanya da tsintsiya, wai shara take yi.

"Ga ni," in ji Barewa, da ƙyar maganar ta fito. "Ɗebi jinin, ɗebi fitsarin, duk abin da kike so."

Matar ta dubi agogonta, ta dubi sawun jinin da ke kan siminti. "Biyu da minti huɗu. Na riga na aika rahoto, ƙanwata. Ba ni da ikon janyewa. Ki rubuta wa hukumar bayani."

Ta rubuta, shafi uku. Amsar ta zo cikin layi biyar: alhakin sanar da wuri yana kan ɗan wasa shi kaɗai. Dakatarwar shekara biyu.

Babu wanda ya tsaya karanta bambancin rashin samun mutum a gida da shan ƙwaya. A shagon aski da bakin famfo magana ɗaya ce, dama gudun nan ya yi yawa a ce na Allah da Annabi ne. Makarantar ta sauke hoton. Babbar gasar kuwa a talabijin ɗin Inna ta kalle ta, wadda ta ci zinariyar kuwa, sau biyu Barewa tana barin ta a baya a shekarar.

Dokar dai ba ta sake ta ba. In tana son komawa fili, dole ta ci gaba da rubuta awarta kowace rana. Da asuba tana filin makarantar firamaren unguwa tana zagaye ita kaɗai, Inna na riƙe da agogo tana kiran lambobin a karkace. Ƙarfe ɗaya kuma tana kan farar kujerar roba a tsakar gida, fuskarta na kallon ƙofa.

A nan Kawu ya same ta bayan wata biyar, da wani katin a hannu. Ya daɗe yana gaisuwa.

"Shugaban kwamitin ne da kansa ya aiko. Taro za su yi kan illar shaye-shaye. Ya ce in kika zo kika nuna nadama a gaban yara, mutane za su yafe, a mayar da hoton."

Inna ta ajiye wankin da take yi. Barewa ta karɓi katin ta karanta har ƙasa, ta mayar masa.

"Nadamar me, Kawu?"

"Ke dai ki faɗa kawai. Minti ashirin ne."

"Ka ce masa nadamata ɗaya ce, da ka ce in zauna na zauna. In yana son ji ya zo nan, ɗaya zuwa biyu kullum ina gida." Ta gyara ƙafar mai tabo a kan ɗayar. "Matsa daga bakin ƙofar, kana tare mini hanya."