Jar Hular Na'urar Jin Hayaƙi

A sashen koyon aikin lantarki, inda aka ɗauke ni mataimakin malami na gwaji bayan na kammala difloma, allo ɗaya tal muke da shi na koyar da haɗa ƙararrawar gobara. Katako ne da aka kafa wa akwatin wayoyi, da jiniya, da na'urar jin hayaƙi. Na'urar takan zo da jar hular roba mai tare ƙura, wadda ake cirewa da zarar an gama haɗawa. Shugaban sashenmu, wanda ɗalibai ke kira Baba Fis, ya hana a taɓa tamu.

"Idan ƙura ta kashe ta, diflomarka za mu liƙa a wurin?" in ji shi. Saboda haka maɓalli kawai ake dannawa, jiniya ta yi kuka, a tafa.

Ranar da na raka ƙanwata ɗakin kwanan makarantarsu, na ɗaga kai na duba silin kamar yadda na saba. Duk tsawon barandar, kowace na'ura tana sanye da jar hularta.

"Ai ɗalibinku Dogo ne ya yi aikin," in ji mai gadi. "Yaro mai tsafta, har hula ya bar musu!"

Na kira Dogo a waya nan take.

"Haba ƙaramin Malam, yadda take a allo haka na bar ta. Na danna, ta yi kuka."

"Maɓalli ka gwada. Hayaƙi ta ina zai shiga?"

Ya ce a hankali, "Duk 'yan ajinmu haka muke yi."

Na ari tsani na bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya ina cire hulunan, ƙanwata tana ta cewa, "Yaya, don Allah sauko, kowa kallonmu yake."

Washegari na zube hulunan a kan tebur gaban ɗalibai. Na san aikina bai tabbata ba, kuma ga Baba Fis tsaye a bakin ƙofa. Na cire hular na'urar allon, na kunna takarda, na kara ta ƙarƙashin na'urar. Hayaƙi ya lulluɓe ta har idanuna suka kawo ruwa.

Jiniyar ba ta yi kuka ba. Ashe na'urar da muke koyarwa da ita ma ba ta jin hayaƙi.

"Ka kashe ta," in ji Baba Fis, amma muryarsa ba ƙarfi, idonsa yana kan tulin hulunan. Ya ɗauki guda ya jujjuya ta.

"A ina ka samo waɗannan?"

"Inda ƙanwata take kwana."

Ya jawo kujera ya zauna.

"Kira mini Dogo. Ka ce ya zo da lambobin wayar sauran 'yan ajinsu."