Cikon Mutum Biyar

Madam Filomina, mai kula da rajistar ɗalibai, ba ta ko ɗago kai daga gyaɗar da take ɓarewa a kan teburin ofis ba, ta sake maimaita wa Natan dokar kamar mai karanta wa yaro. Zangon dogon hutu ba irin sauran zanguna ba ne. Kwas biyu kacal ɗalibi ke iya zaɓa cikin waɗanda ya faɗi, kuma ba a buɗe kowane kwas sai mutum biyar sun sa hannu a kansa. Yau ake rufe rajista, da zarar an tashi aiki.

"Ku uku ne kuka zo mini a kan kwas ɗin awon fili," in ji ta. "Ka nemo biyu, ɗana. In ba haka ba sai baɗi."

Natan ya fito baranda ya tsaya. Shekarar ƙarshe yake a sashen safiyo na jami'a, inda ake koyon awon ƙasa, ya ci kowane kwas sai wannan guda ɗaya. Idan ba a buɗe shi a wannan hutun ba, 'yan ajinsu za su tafi bautar ƙasa, shi kuwa ya ƙara shekara cur a Keffi yana gadin ɗakin haya saboda kwas ɗin da ya fi kowa iyawa a ajin.

Kowa a sashen ya san yadda aka yi ya faɗi, kowa kuma ya iya yin kamar bai sani ba. Dakta Gamaliel, mai koyar da awon fili, a Abuja yake zaune, yana yi wa wani kamfanin gina gidaje aiki, yakan leƙo Keffi in ya ga dama. A zangon da ya wuce ya loda ajin a motoci ya kai su wani ƙauye a hanyar Abuja, wai aikin gwaji. Da suka sauka sai ga kunyoyin doya, ga manoma an tare su gefe guda, ƙarti riƙe da gora suna tsaye a gabansu. Aikin ɗaliban shi ne su auna gonakin, su yanka su fuloti-fuloti, su kafa duwatsun siminti. Kamfani ya samu lebura kyauta, ɗalibi ya samu maki. Wata tsohuwa ta ratso ta zauna a kan kunyar doyarta, ba ta yi kuka ba, aka ce Natan ya ja igiyar awo ta gefenta. Ya ajiye igiyar a ƙasa, ya faɗi abin da ke bakinsa, ya kama hanyar titi. Cikin aji guda, mutum biyar ne suka bi shi. Sauran suka ce ai haka ƙasar take, suka ci gaba da awo, har da masu ɗaukar hoto.

Su shidan duk suka faɗi. Ɗaya daga cikinsu, Victor, ya je ya durƙusa a ofis daga baya, aka ce an gano kuskure a makinsa, aka gyara. Saura biyar ke nan cif, babu rarar ko mutum ɗaya. Judit da Peculiar sun ce suna nan suna jiransa. Sadiƙ da Huraira ne ba a ji ɗuriyarsu ba.

Ya hau mashin zuwa Gangaren Tudu, inda Sadiƙ ke tsare wa yayansa shagon kayan waya. Ya tarar da shi ya miƙe ƙafa a kan benci yana cin rake.

"Kwamared," in ji Sadiƙ, "yau kuma wace gwamnati za mu kifar?"

Natan ya zauna ya zayyana masa komai. Sadiƙ ya saurara yana tauna, sannan ya yi masa nasa lissafin. Shi kwas uku ya faɗi, biyu aka yarda ya ɗauka, don haka ko ya yi tsalle ko ya yi birgima baɗi yana nan. Ya riga ya zaɓi biyu masu laushi, waɗanda malamansu kan faɗi tambayoyi tun kafin jarrabawa, za a yi su a cikin aji, ƙarƙashin fanka. Me zai kai shi ajiye tsoka ya ɗauki ƙashi, ya shiga taɓo da damina a bayan mutumin da ya tsane shi?

Natan ya fara da abin da ya fi iyawa. Ya yi maganar haƙƙi, da yadda aka mai da jami'a gareji, da yadda Abuja ke haɗiye gonakin mutane tun daga Mararaba tana gangarowa, masu ilimi na riƙe mata cokali. Muryarsa ta ɗaga har mai shayin gefe ya juyo. Sadiƙ ya bar shi ya gama, ya ce duk ya ji, amma wannan huɗuba tun ranar farko ya haddace ta, ba ta taɓa ƙara masa maki ko ɗaya ba.

Natan ya sunkuyar da kai. Ya dubi ɓawon raken da ke ƙasa.

"To ba huɗuba ba ce," in ji shi. "Roƙonka nake yi. In ba ka zo ba, na rasa shekara."

Sadiƙ ya daina tauna. Ya daɗe yana kallon titi, sannan ya tashi ya fara janyo ƙofar shagon yana ƙorafi, wai Allah ya haɗa shi da aboki mai tsada.

"Ranar nan ma a gonar ba bin ka na yi ba fa," in ji shi yana sa kwaɗo. "Fitsari ya matse ni, na ga ka nufi bakin titi, na ce bari in raɓa. Kafin in juyo an rubuta sunana cikin 'yan tawaye."

Gidan su Huraira a Angwan Iya yake. Mahaifinta, Malam Sale, tsohon hedimasta ne, suka same shi a zaure yana sauraron rediyo. Ya amsa gaisuwarsu da sakin fuska, ya sa aka kawo musu ruwa, ya tambayi Natan mutanen gida da yadda damina ta kama a wajensu. Sai da suka sha ruwan sannan ya shiga maganar, a hankali, ba faɗa. Ya ce ya bi ta hannun wani tsohon ɗalibinsa an yi magana da shugaban sashe. Abu ɗaya ake so: Huraira ta je gobe ta faɗa da bakinta cewa zuga ta aka yi, ta ambaci wanda ya zuga ta. Za a duba makinta kamar yadda aka duba na wancan yaron. Ba shiga daji, ba sake jarrabawa.

"Ba na ce ba ka da gaskiya ba, ɗana," in ji shi. "Na koyar shekaru masu yawa, na san ɓarna in na gan ta. Amma gaskiyarka ba ta da hatimi. Ita kuwa yarinyar nan takarda mai hatimi ake tambayarta."

Wannan irin magana ce ta fi ci wa Natan rai, maganar mutumin kirki da ya gaji. Da mugu ne da ya san abin da zai ce masa. Yana neman ta inda zai fara, sai labule ya motsa. Huraira ta fito, ta riga ta sa hijabi, jaka a kafaɗa. Ta durƙusa gefen mahaifinta.

"Baba, ba wanda ya zuga ni. Da ƙafata na tafi. In na je na ce shi ne, na yi masa ƙarya."

Malam Sale ya rage sautin rediyon. Ya ce mata ta yi tunani, domin idan ta fita yanzu zai kira mutumin nan ya ce a bar maganar, kuma shi ba ya ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya sau biyu. Ta ce ta yi tunani tun jiya. Ya dube ta, ya dubi Natan, kallon da Natan bai so ba ko kaɗan, sannan ya ce Allah ya ba da sa'a, ya ɗauki wayarsa.

Hadari ya haɗu kafin su samu keke mai ƙafa uku. Suna hanya ruwa ya tsuge, yana feso musu ta gefe, Sadiƙ na tsokanar direban wai ko jirgin ruwa ya sayo bai sani ba. Natan ya ji ƙirjinsa ya yi sauƙi a karo na farko tun da sakamako ya fito. Mutum biyar. Ashe ana iya samun mutum biyar a garin nan.

Judit da Peculiar na tsaye a barandar sashe suna jiransu. Madam Filomina ta ƙirga su da ido, ta share ɓawon gyaɗa daga kan tebur, ta gargaɗe su cewa wanda ya sa hannu ya sa ke nan, babu canji. Sadiƙ ya soke ɗaya daga kwasa-kwasan nan masu laushi da bai kai ga sa musu hannu ba, yana salati kamar mai binne ɗan'uwa. Natan ya ja baya ya ce mata su fara. Judit ta sa hannu, Peculiar ta sa, Huraira ta sa, sai Sadiƙ.

Biron na hannun Natan sai Dakta Gamaliel ya shigo yana kakkaɓe lema. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa ta washe. Ba dariyar mugunta ba ce, farin ciki ne na gaske, irin na mai gona da ya ga 'yan gayya sun iso.

Ya ce wallahi sun taimake shi. Ɗalibai duk sun watse hutu, ga aiki ya taso, yana ta tunanin inda zai samu hannu a tsakiyar damina. Ya ce abin da ya wuce ya wuce, shi ba ya riƙo. Ranar Asabar za a fara, mota za ta ɗauke su daga bakin ƙofar jami'a. Kashi na biyu ne na aikin kamfanin, a Rafin Kaɗe, daga bakin rafi zuwa bayan firamare.

Huraira ce ta fara juyowa ta dubi Natan. Duk ajin sun san Rafin Kaɗe garin su Natan ne.

"Ai kai ɗan can ne, ko?" in ji Dakta Gamaliel. "Madalla. Ka ga ba sai an ɗauko masu gora ba. Kai za ka yi musu bayani da yarenku. Mai unguwarku ya sa hannu tun kafin Ista."

Daga bakin rafi zuwa bayan firamare. Natan bai buƙaci taswira ba. Gonar mahaifinsa na tsakiya, ta baffansa na gefenta, da fadamar da matan coci ke shuka shinkafa. Ya tuna manyan motocin da ya gani a ƙofar mai unguwa lokacin hutun Ista, da yadda kowa ya ce masa baƙi ne kawai suka zo gaisuwa.

Ya danne muryarsa ya ce, Yallaɓai, a tsarin kwas ɗin an rubuta za a iya yin aikin gwaji a filin jami'a. Dakta ya ce an rubuta za a iya, ba a rubuta dole ba, kuma shi ne malamin kwas. Ya ƙara da cewa ba wanda aka tilasta wa komai.

"Zangon hutu zaɓi ne, Natan. In ba ka so, ka ajiye biro."

Madam Filomina ta dubi agogon bango, ta yi magana ƙasa-ƙasa, ba ta kalli kowa ba. Huɗu sun sa hannu. Idan ba a cika biyar ba kwas ya mutu, kuma gurbin da suka ba kwas ɗin ya tafi a banza, sai baɗi.

Ba wanda ya roƙe shi. Da sun roƙe shi da ya fi. Peculiar ta sunkuyar da kai tana murza igiyar jakarta. Sadiƙ, wanda bakinsa bai taɓa rasa abin faɗi ba, ya zuba wa silin ido. Natan ya nemi idon Huraira.

"Kada ka dube ni," in ji ta a hankali. "Duk abin da ka yi, ba zan ce ka cuce ni ba."

Ta faɗi haka ne tsakani da Allah, shi ya sa maganar ta fi duka zafi. Ya tuna Malam Sale yana ɗaukar wayarsa. Shi ya bi su gida-gida, shi ya fito da su cikin ruwa, shi ya ce su fara sa hannu.

Ya sunkuya ya rubuta sunansa a layi na biyar. Rubutun ya fito tsaf, abin da ya ba shi haushi ke nan.

Dakta Gamaliel ya ce kowa ya zo da takalmin ruwa, ya shige ofishinsa. Sauran suka fita ba sallama. Sadiƙ ya ɗan tsaya a bakin ƙofa, ya dafa kafaɗar Natan, ya wuce.

Ruwa ya tsagaita. Natan na tsaye ƙarƙashin baranda sai wayarsa ta yi ƙara. Mahaifinsa ne, yana magana da ƙarfi kamar kullum, don bai taɓa yarda waya na kai murya da kanta ba. Ya tambaya ko an samu buɗe karatun. Natan ya ce an samu. Tsohon ya gode wa Allah har sau uku, ya ce ke nan bana za a gama, ya kira mamansa daga nesa ya faɗa mata. Sannan ya tambaye shi yaushe zai leƙo gida, sun daɗe ba su gan shi ba.

"Asabar zan zo, Baba."

"Kai kaɗai?"

"Da abokaina. Mu biyar."

"To madalla," in ji tsohon. "Bari in gaya wa mamanka ta kama zakara. Sabuwar doya ta fara nuna, sai ku ci ta gonarmu."