Saukar Kaftin Sumaila a Bawku

Da aka zo rabon gadon Jalil a Salaga ba a sha wata wahala ba, don abin da ya bari bai kai a ɓata zumunci a kansa ba. Babur ɗin da ya yi ajalinsa masu tsohon ƙarfe sun ɗauke. Saura katifa, da akwatin kayan gyaran fanka, sai jirgi.

Ƙaramin jirgin sama ne, irin wanda ake tuƙawa daga ƙasa da rimot. Jalil ya ƙera shi da hannunsa, da farin soson nan da ake naɗe sabon firji, inji da batir kuwa daga Kumasi ya riƙa sayo su ɗaya bayan ɗaya. Faɗin fukafukansa ya kai mutum ya ware hannu biyu. Tayoyi biyu manya a gaba, wata 'yar mitsitsiya a ƙarƙashin wutsiya, shi ya sa in yana tsaye hancinsa na sama, kamar wanda aka gaya wa magana bai yarda ba.

Rimot ɗinsa biyu ne. Dattawa suka juya su, suka duba, suka yanke hukunci yadda ido ya nuna musu. Sabon mai ƙyalli ya bi jirgi zuwa hannun Sumaila, yayan mamaci. Tsohon da aka ɗaure da salatif aka miƙa wa matar mamacin, Munawara, a bayan labule, aka ce Allah ya ba ta haƙuri. Ba wanda ya tambaye ta ko ta san wani abu a kai, ita kuma ba ta ga dalilin katse dattawa ba.

Abin da ta sani shi ne, tsohon nan shi kaɗai jirgin ke ji. Sabon na ɗan koyo ne, sai an haɗa shi da tsohon da wata igiyar waya. Muddin mai riƙe da tsohon ya danne wani makunni da yatsa, ɗan koyo ke tuƙi. Da ya ɗage yatsan, tuƙi ya dawo hannunsa. Haka Jalil ya koya mata a filin ƙwallon bayan makaranta, shi da tsoho ita da sabo, yana yi mata dariya duk sanda ta buga jirgin da ƙasa, sannan su dawo gida ya zauna ya liƙe.

Shi kuwa Sumaila dillalin doya ne. Sau ɗaya ya taɓa ganin jirgin gaske kusa, ranar da ya raka alhazai Tamale, ta bayan shingen waya ma. Amma da jirgin ƙaninsa ya shigo ɗakinsa, sati bai zagayo ba ya samo farar riga mai ƙaho a kafaɗa, irin ta matuƙan jirgi, wajen 'yan gwanjo, da baƙin tabarau, ya kuma sanar a majalisarsu cewa daga yau Kaftin ake ce masa. Ya kai jirgin fili, ya murɗa sabon rimot har gumi ya jiƙa ƙahon, jirgi ko motsi. Sai ya aiko matarsa Fulera ta tambaya.

Munawara ta ce a gaya masa sai an haɗa biyun. Fulera ta je ta dawo da fahimtar Kaftin: ashe na hannun Munawara janareto ne, mai ba nasa ƙarfi, don haka ana bukatar ta ta zo ta riƙa riƙe janareto. Munawara ta ce to. Yayan miji ne. Ko sunansa ba ta kamawa, ko abinci ba ta ci a gabansa, balle ta aika a ce masa bai gane ba.

Kuma dai tana so ta je. Ba tafi take nema ba, ba ta da abin yi da shi. A fiffiken hagu akwai shatin babban yatsan Jalil, inda gam ya bushe da shi wata rana da tana kiransa cin tuwo ya danna da sauri. Abin da take so a duniya bai wuce wannan jirgi ya tashi ya dawo ƙasa lafiya ba, da fiffikensa yadda yake.

Da ta fita takaba suka fara atisaye. Gaskiya Sumaila ba daƙiƙi ba ne. Tashi ya koya, ko da yake jirgin kan yi tangaɗi kamar ya sha burkutu kafin ya bar ƙasa. Zagaye a sama ma ya iya, dama ko leda in iska ta ɗauka zagayawa take. Sauka ce Munawara ba ta taɓa sakar masa ba.

Don jirgi mai taya a wutsiya ba ya yafe gaggawa. In ya zo da gudu tayoyin gaba suka fara dukan ƙasa, wutsiya sai ta faɗi, hanci ya ɗaga, fukafukai su sake cika da iska, ya koma sama ba tare da ƙarfin zama a can ba. Ya faɗo, ya sake tsalle, kowane tsalle ya fi na baya muni. Jalil yakan ce a bar shi ya gaji tukuna. A rage wutar inji tun daga nesa, a riƙe shi kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, ana jan sandar rimot a hankali, a hankali, ana hana shi sauka, har gudun ya ƙare tayoyin uku su taɓa tare. Daga nan a riƙe sandar a ja, kar a saki. In kuwa aka yi kuskure ya yi babban tsalle, ba a tilasta masa. A ba shi wuta ya tafi, a zagayo, a sake.

Munawara ta san ba a koyon wannan sai an fasa. Ita da ta fasa, akwai mai liƙewa. Yanzu babu. Saboda haka duk sanda jirgi ya miƙo hanyar sauka sai ta ɗage yatsanta shiru, ta ajiye shi a kan tayoyinsa uku kamar an ajiye ƙwai, Sumaila na gefe yana murɗa sandunan da ba kowa a ƙarshensu, yana cije leɓe.

Ya juyo wata rana ya ce wa Fulera, ta yadda Munawara za ta ji: "Abin a jini yake. Marigayi ma ni na fara nuna masa tsuntsu."

Daga nan aka kafa ƙungiya. Sunanta ya fi mambobinta yawa, akwai matasa a ciki, akwai zango, akwai sararin samaniya. Aka yi nunin farko a Salaga, aka kafa rumfa, aka ɗauko lasifika. Jirgi ya sauka lafiya, mata suka yi guɗa, aka ɗaga Kaftin sama. A Yendi abin ya fi haka. Kafin a tashi jirgin sai da Kaftin ya yi lacca kan sirrin sauka, ya ce ba a hannu yake ba, a zuciya yake, kuma Turawa sun daɗe suna ɓoye wa baƙar fata wannan ilimi. Munawara na tsaye a bayansa cikin mayafi, riƙe da janareto, tana kallon inda iska ke kaɗa tutar makaranta. Da aka gama, wata tsohuwa ta ba ta ruwan leda, ta ce sannu da riƙo, Allah ya ba da lada, ba kowace mace ke yi wa dangin miji biyayya haka ba.

Hoton saukar Yendi ya yi yawo a wayoyi har ya isa Bawku. A hoton ana ganin jirgi, ana ganin Kaftin, ana ganin gefen mayafi.

Wanda ya gayyace su Bawku Alhaji Garuba ne, babban ɗan kasuwar albasa, irin mutanen da ba a taro a garinsu sai su ne ciyaman. Motar ta jijjiga su tun safe, Munawara rungume da fukafukan a cinya don kar buhun wani ya danne su. Filin da aka ba su busasshe ne ƙwarai, ba ciyawa ko ɗaya, ƙasa kamar siminti. Tana gani ta san irin ƙasar da ke mayar da taya sama ce. Iska kuma na zuwa ta gefe, tana ɗagawa tana kwantawa.

Bayan addu'a da jawabin ciyaman da jawabin godiya ga ciyaman, aka haɗa igiya. Nan idon Alhaji Garuba ya sauka a kanta. Ya bi ta da kallo daga hannun Sumaila har hannun Munawara, ya karɓi makirfo.

"Kaftin, wannan fa? Mace ce ke jan ka da igiya kamar ragon layya?"

Rumfa ta kwashe da dariya. Sumaila ya yi bayanin janareto. Alhaji, wanda ya yi arziki ne don ba ya son dillali a tsakani, ya ce in ƙarfin a wancan yake, to a ɗauki wancan mana, ita baiwar Allah ta je ta zauna cikin mata ta huta, rana na dukanta. Aka yi tafi, don magana ce ta tausayi.

Sumaila ya miƙo hannu.

Tun da aka kawo ta gidansu Munawara ba ta taɓa yi masa magana ido da ido ba. Ta duba Fulera, Fulera na can tana gyara ɗauri a gaban wayar wata. Sai ta rage murya ta faɗa da bakinta.

"Yaya, ban taɓa bar maka sauka ba. Ni nake sauke shi. Tun farko."

Ya dube ta ta saman tabarau, ba fushi ma, tausayi. Ya ciro waya ya nuna mata hoton Yendi, ya ce ga shi nan, gari guda ya gani. Ya juya ya gaya wa Alhaji cewa tun rasuwar ƙaninsa takan yi irin waɗannan maganganu. Alhaji ya girgiza kai ya ce Allah sarki, mutuwar miji ba wasa ba.

Tana iya riƙewa. Ta yi tunanin haka, har yatsunta suka ƙanƙame salatif ɗin. Amma jirgin nasa ne, dattawa suka ba shi. Ga Bawku gaba ɗaya a zaune, ga tsofaffin mata sun daina fifita suna jira su ga ko 'yar Salaga za ta kunyata yayan mijinta a garin mutane. Ta cire igiyar ta miƙa masa tsohon rimot ɗin. Cikin sauri ta ce ya rage wuta tun daga nesa, kar ya yi gaggawar taɓa ƙasa, in ya yi tsalle kuma ya ba shi wuta ya zagayo.

"Kaftin ba ya zagaye biyu," in ji Sumaila.

Tashi ya yi kyau, har ya fi na kullum. Jirgin ya zagaya kan rumfa, mutane suna ɗaga waya. Daga cikin mata Munawara ta ga ya juyo, ta ji kukan injin bai ragu ba. Ya taho da gudu, hanci a ƙasa, kamar mai zuwa karɓar gaisuwa. Tayoyin gaba suka daki ƙasa. Wutsiya ta faɗi, hanci ya ɗaga, jirgi ya koma sama tsayin mutum. Jama'a suka yi sowa, sun ɗauka salo ne.

A nan ne ake ba da wuta. Yatsan Munawara ya ɗaga da kansa a kan cinyarta, inda ba makunni.

Sumaila ya danna sanda gaba don ya tilasta shi. Jirgin ya sake dukan ƙasa, ya sake tashi, wannan karon a karkace, iskar gefe ta shiga ƙarƙashin fiffiken dama. Ya tsaya a sama ɗan lokaci kamar yana tunani, sannan ya kife ta hagu. Ƙarar ba ta da yawa. Soso ba ya ƙara. Fararen ɓarɓashi ne kawai suka tashi, iska ta bi da su wajen masu sayar da kankana.

Alhaji Garuba ne ya ceci taro. Ya ce jama'a sun ga ƙwarewa, da wani ne da cikin rumfa zai faɗa, amma Kaftin ya sadaukar da jirginsa don rayukan mutane. Aka yi tafin da ya fi na Yendi. Sumaila ya cire tabarau ya share ido, ya yi bayanin cewa filin bai kai matsayin ƙasa da ƙasa ba, iskar kuma daga Burkina take, ba a saba da ita ba, sannan tsohon rimot ne, da da nasa ne da ba haka ba.

Munawara ta je ta tsince abin da ya tsintu. Fiffiken hagu ya niƙe daga tsakiya. Ta daɗe a durƙushe tana juya gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya, ba ta sami mai shatin ba. Da ta miƙe, Sumaila na tsaye da tsohon rimot, ya miƙa mata a gaban shaidu, ya ce ga rabonta, shi ba ya cin haƙƙin mace.

A motar komawa ya zauna gaba kusa da direba, yana ba shi labarin yadda ake yanke shawara cikin daƙiƙa. Sun wuce Zebilla sai Fulera ta juyo da saƙo. Kaftin ya ce zai ƙera wani, wanda ya ninka wannan, mai inji biyu, yana tambaya ina marigayi ke sayen soson.

Munawara na kallon taga, ledar gutsattsari a ƙafarta, rimot a cinya.

Ta ce, "Ba a sayar da shi. Da firji yake zuwa. Ki ce masa ya sayi firji."

Fulera ta miƙa saƙon gaba. Kaftin ya gyaɗa kai, ya ce dama abin da yake tunani ke nan.